Layin Dogo Ya Girmi Kaduna

A yawancin manyan biranen duniya gari ake fara kafawa, ya cika ya tumbatsa, sannan a zo ana laluben inda jirgin ƙasa zai ratsa shi. Cunkoson tituna ne ya sa Landan ta nutsar da jirginta ƙarƙashin ƙasa a 1863, haka ma Alƙahira a 1987. A Kaduna kuwa abin ta baya ya faro. Dogo ne ya zo ya tarar da daji da ƙauyukan Gbagyi a bakin kogi, garin ya biyo sawunsa. Yanzu da gwamnatin Uba Sani ke maganar ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, layi ɗaya daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha, ɗaya kuma daga Millennium City zuwa Rigasa, ya dace a waiwayi waɗanda suka zana layukan da muka gada, da kuma waɗanda suka zana su dominsu.

A 1907 Turawan Ingila suka naɗa Percy Girouard ya gaji Lugard a mulkin Arewa. Injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa wa rundunar Kitchener dogo a hamadar Sudan, kuma aikin dogon ne ya kawo shi. Layin ya tashi daga Baro a gaɓar Neja, inda jiragen ruwa ke iya kaiwa, ya bi ta Minna da Zariya, ya isa Kano a watan Maris na 1911. Mil 356 ke nan cikin abin da bai kai shekara 4 ba.

Masu kewar zamanin Turawa suna son kawo wannan lissafi idan ana zancen jinkirin ayyukan yau, amma ba su cika faɗin yadda aka sami saurin ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar talakawa aikin tilas, kowace gunduma da adadin da aka yanka mata. Ba a nemi yardar mai gona ba kafin a ratsa gonarsa. Babu majalisar da za ta riƙe kasafi, babu kotun da talaka zai kai ƙara. Layin da kansa an yi shi ne da araha: siriri, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, hanya ɗaya tal. Duk wanda ya ce a yi wa Kaduna jirgi da saurin Girouard, to ya san abin da yake roƙo.

Abin da aka zana layin dominsa ma bai zo yadda aka tsara ba. Masu masaƙun Ingila auduga suka sa wa rai. Da jirgi ya isa Kano, manoma da fatake suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, daga 1912 kuwa gyaɗa ta cika taragai. Mai zana hanya yana da nasa lissafin, masu hawa suna da nasu.

Kaduna ba ta cikin dalilan gina wannan layi ko kaɗan. Wuri ne kawai da dogo ya haye kogi. Da Lugard ya dawo a 1912 yana shirin haɗe Kudu da Arewa, sai ya ga Zungeru ba ta yi masa ba, ya zaɓi wannan mahaya: ga ruwa, ga fili, ga jirgin da zai kai soja ko'ina, ga shi kuma nesa da fadar kowane sarki. Sojoji suka fara tarewa a 1913, hedikwatar Arewa ta biyo baya a 1917. Bayan shekara 10 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan ya zo ya haɗu da na farko a kudancin kogi, tashar nan ta zama babbar mahaɗa.

A arewacin kogi, garin da Turawa suka tsara garin rabe-rabe ne. Unguwar Turawa tana gabas, wajen inuwa da iska, an bar fili fetal na yadi 440 tsakaninta da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Akawuna da 'yan kasuwa suna tsakiya. Leburori da sauran talakawa aka tura su Tudun Wada, a ƙetaren dogo. Wato tun farko layin ya yi aiki biyu, hanya ce ga kaya da soja, katanga ce ga mutanen gari. Har yau sunayen wurare suna ba da shaida: kasuwar Bakin Dogo ba ta buƙatar a yi wa kowa bayanin inda take.

Garin ya ci gaba da miƙewa yana bin dogo da babban titin da ke kusa da shi, daga Kawo har gada. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980, sai ya zamana ofisoshi da babbar kasuwa suna arewa, masana'antu suna kudu, ma'aikata na ƙetare kogi safe da yamma. Gari mai tsawo irin wannan, wanda yawancin tafiyarsa kan layi ɗaya take, shi ne burin duk mai tsara jirgin cikin gari. Kano a dunƙule take, hanyoyinta sun bazu ta kowace ƙofa, sai an yi layuka da dama kafin a kama ta. Kaduna layi ɗaya mai kyau zai ɗauke mata kaso mai tsoka na wahala.

An taɓa yi wa garin tunani mai nisa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko Max Lock, masanin tsara birane daga Ingila, ya yi nazarin Kaduna ya tsara mata shekara 50, har zuwa 2017. An buga aikin a 1967. Kafin nan an kashe Sardauna a Janairun 1966, a watan Mayun 1967 kuma Gowon ya raba Arewa jihohi 6. Littafin ya fito, gwamnatin da ta ba da aikin ta shuɗe. Wannan ciwo bai rabu da mu ba: aikin dogo ya fi wa'adin gwamna tsawo. Legas ta ƙaddamar da nata jirgin a 1983 zamanin Lateef Jakande, soja suka soke shi a 1985. Da aka sake ɗauko zancen, layin da aka fara a 2009 bai ɗauki fasinja ba sai Satumban 2023, shi ma kilomita 13 na farko. A nan gida, gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi shelar jirgin cikin gari, ta kammala shekara 8 ba a shimfiɗa shi ba.

Layin da aka gama a zamaninmu shi ne na Abuja, kilomita 186, faffaɗan layi na zamani da kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya fara a 2011, aka buɗe a Yulin 2016. Ya tsaya a Rigasa, can gefen yamma, inda fili ya fi sauƙin samu. Ya yi amfani ƙwarai, musamman lokacin da hanyar mota ta zama abin tsoro, ko da yake harin 28 ga Maris 2022 ya nuna shi ma bai tsira ba. Sai dai an zana shi ne don matafiyin Abuja. Mutumin Malali ko Unguwar Rimi sai ya keta garin kaf kafin ya ga tasha, mazaunin Rigasa mai zuwa kasuwa kullum kuwa jirgin bai rage masa ko kwabo na kuɗin keke ba. Abuja ta yi irin wannan da jirginta na cikin gari: an buɗe shi a 2018 da tashoshi nesa da inda jama'a suke kwana, ya tsaya a 2020, sai 2024 aka farfaɗo da shi. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

A nan ne layin Rigachikun zuwa Sabon Tasha ya burge ni, domin ƙarshensa biyu duk a kan tsohon dogo suke, kuma tsakaninsu ne jama'ar garin suka taru. Abin da ya fi cin kuɗi da lokaci a irin wannan aiki shi ne fili: rusau, diyya, shari'a. Shi ke sa wasu birane su haƙa rami su bi ta ƙasa, a ninka kuɗin sau da yawa. Kaduna ta gaji zirin fili da ya ratsa tsakiyarta tun 1911. Legas ta yi amfani da irin wannan gado a layinta na biyu da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, wanda ya bi filin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

Gadon dai yana da ƙura. Filin na tarayya ne. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon gina dogo, amma bai mallaka musu filin hukumar ba, sai an zauna an daidaita. Tsohon layin siriri ne kuma guda ɗaya, jirgin cikin gari kuwa yana son layi biyu, mai zuwa da mai dawowa. Duk inda titi ya gitta dogo sai an yi gada, in ba haka ba jirgin da ke wucewa kowane minti 10 zai datse garin gida biyu kamar yadda ya yi wa Tudun Wada a da. Ga kuma dubban masu kasa kaya da masu rumfuna da suka share shekaru suna cin abinci a bakin layin da jirgi ya daina bi sosai. Jadawalin da bai ware watanni da kuɗi don sama musu matsuguni ba, a takarda kawai zai tsaya.

Sannan ga kogi. Tun rikicin 2000 da na 2002, iyalai da yawa suka sauya unguwa don tsira, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu, har aka sami matasan da suka girma ba su da aboki a ɗaya ƙetaren. Idan kuɗi ya gaza, abin da aka saba shi ne a raba aiki kashi-kashi a fara da mai sauƙi, kuma gada ita ce mai wuya. Jirgin da ya taso daga Rigachikun ya tsaya a bakin ruwa zai rage cunkoson Kawo da titin Ahmadu Bello, amma ma'aikaciyar jinya da ke kwana a Sabon Tasha tana aiki a asibitin Barau Dikko za ta ci gaba da sauka tana neman bas. Idan aka fito da taswira da jadawalin aikin, abin da zan fara dubawa shi ne shekarar da aka rubuta a gefen gadar.