Wace ce Barbara Windsor, mai cewa "Fice mini daga mashaya"?

A Birtaniya, da wuya a samu baligin da bai san maganar nan ba: "Fice mini daga mashaya!" Ko wanda bai taɓa kallon wasan da ta fito daga cikinsa ba, yana jin ta a bakin masu barkwanci da kanun jaridu. Mai maganar ita ce Barbara Windsor, ƴar wasan da ta shafe shekara fiye da 60 tana fitowa a dandamali da silima da talabijin.

Asalinta

An haife ta ranar 6 ga Agusta 1937 a Shoreditch, wadda a lokacin unguwar talakawa ce a gabashin Landan. Sunanta na yanka Barbara Ann Deeks. Ta ɗauki sunan Windsor, wato sunan gidan sarautar ƙasar, a zamanin naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu a 1953. Ta soma fitowa a silima a 1954, amma finafinan ban dariya na Carry On ne suka fito da ita: ta yi guda 9 tsakanin 1964 da 1974. Ƴar ƙaramar mace ce, tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba, ga wata irin dariya da ake gane ta da ita ko ba a ga fuskarta ba.

Inda maganar ta samo asali

A 1985 tashar BBC ta soma nuna EastEnders, wasa mai dogon zango kan rayuwar wata ƙagaggiyar unguwa a gabashin Landan. A 1994 Barbara ta shiga wasan a matsayin Peggy Mitchell, uwar wasu tagadarai biyu, Phil da Grant, wadda daga baya ta riƙe mashayar unguwar mai suna Queen Victoria.

A Ingila, mashayar unguwa ba wurin shaye-shaye ba ce kawai. Tana kama da fada ko dandalin hira: nan ake jin labarin kowa, nan ake sulhu, nan ake tonon silili. Korar mutum daga wurin kamar fitar da shi ne daga cikin jama'a. Duk sa'ad da rigima ta kai maƙura, sai Peggy ta ɗaga murya ta sallami mai laifi, komi girmansa.

Abubuwa uku suka sa maganar ta kama. Gajeriya ce, yaro ma zai riƙe ta. Ana faɗar ta da karin harshen talakawan gabashin Landan, don haka tana da daɗin kwaikwayo. Sannan akwai abin dariya da burgewa a ga ƴar mitsitsiyar tsohuwa tana korar ƙarti, suna fita sumui-sumui. Masu kallon finafinan Hausa sun san irin wannan: kalma ɗaya daga bakin ɗan wasa ta zama sara a kasuwa da tasha, har a manta fim ɗin da ta fito ciki.

Barbara ta bar wasan a 2010, ta riƙa leƙowa jefi-jefi, sannan aka rufe labarin Peggy da mutuwarta a watan Mayu 2016. A shekarar ce aka ba Barbara lambar girma ta Dame, ɗaya daga cikin manyan lambobin da masarautar Birtaniya ke ba mata.

Cutar mantuwa

Abin da masu kallo ba su sani ba a lokacin shi ne, tun 2014 likitoci sun tabbatar tana da cutar Alzheimer. Mijinta, Scott Mitchell, bai sanar da duniya ba sai a watan Mayu 2018. Matar da ƙasa guda ta haddace maganarta, ita ce haddar rubutun wasa ta soma gagara.

Cutar ta samo sunanta daga Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Tana lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali: mutum ya soma da manta abin da ya faru ɗazu, ya kai ga ɓacewa a hanyar gidansa, har ya kasa gane ƴaƴansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cututtukan mantuwa, kuma Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu fama da su suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici ne. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. A ƙasar Hausa akan kira abin gigin tsufa a wuce wurin, alhali ciwo ne da ke bukatar ganin likita da haƙurin iyali.

Abin da ta bari

Bayan sanarwar, Barbara da mijinta sun zama jakadun ƙungiyar Alzheimer's Society. A watan Satumba 2019 ta je fadar firaminista Boris Johnson da kanta, ta miƙa wasiƙar da fiye da mutum 100,000 suka sa wa hannu, ana neman gwamnati ta gyara tsarin kula da masu cutar. A 2020 aka mai da ita gidan kula da marasa lafiya a Landan, inda ta rasu ranar 10 ga Disamba, tana da shekara 83.

A watan Agusta 2022 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da wani shirin ƙasa na hanzarta binciken cututtukan mantuwa, aka sa masa sunanta. Ana ci gaba da nuna EastEnders, kuma mashayar Queen Victoria ta sha canza hannu, amma har yau in aka ambaci mai wurin, Peggy ce ke fara zuwa a ran masu kallo.