Tsafi, Bori, Maita da Sihiri: Yadda Kalmomin Suka Samo Asali a Ƙasar Maraɗi

Tsafi ɗaya ne kawai daga cikin sunayen da Bahaushe ya raɗa wa ayyukan ɓoye, kuma masu yaɗa cewa bori da maita da sihiri duk tsafi ne sun tafka kuskure. A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Runji kowace kalma da muhallinta, da mai yinta, da lokacin da ta shigo bakin mutane.

Mafi daɗewa ita ce tsafi, wato bautar anna, masu addinin gargajiya: yanka akuya ko kaza mai launin da iska ke so, a gindin itace ko kan dutse, don neman damina da kariyar dangi. Gado ne na gida, shi ya sa manoma da mahalba da maƙera kowa da nasa. Maita kuwa tuhuma ce. Ana cewa maye na da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum, ba wanda ke tallar kansa da ita.

Bori ne ya fi su tarihi mai armashi, saboda ya hau gadon sarauta. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa sun yi shekaru ba su da mazauni tabbatacce. A yaƙin Gawakuke na 1836 aka kashe Sarkin Gobir Ali tare da Sarkin Katsina na Maraɗi, Rauda, sannan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, wanda yau ke cikin yankin Gidan Runji. Mutanen da suka rasa birni da sarki ba su yar da sarautar Inna ba. Inna mace ce daga gidan sarauta, ana naɗa ta kamar sauran manyan fada, tana da nata gida da nata mabiya, kuma ita ce uwar 'yan bori na ƙasar. Rigimar 'yan bori gabanta take zuwa, girka ma da saninta ake yi. Sunanta ma na babbar iska ne, wadda har yau ake jin ta a cikin sunan cutar shan inna. A Maraɗi, inda Ɗan Kasawa ya kafa mulkin Katsinawa, takwararta ita ce Iya. To ina haɗin wannan muƙami da maita, wadda ake ɓoyewa? Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da littafi guda kan borin wannan yanki a 1972, Guy Nicolas ya biyo da nasa kan al'ummar kwarin Maraɗi a 1975.

Musulunci ya zo da nasa rukunin kalmomi daga Larabci. Sihiri shi ne wanda shari'a ta haramta. Asiri daga kalmar sirri ya fito, don haka yake ɗaukar ma'ana biyu, rufin asiri da kuma yi wa mutum asiri. Tsibbu asalinsa ɗibbu ne, wato ilimin magani, kuma a nan gardama take: wasu na sa malamin tsibbu layi ɗaya da boka, alhali shi da allo da tawada yake aiki, yana ba da rubutun sha da laya, boka kuma da saiwa da iskoki. Ko an yi wa aikin nasu hukunci ɗaya, harshe bai haɗa su ba. Can gefe kuma ga dabo da rufa-ido, wasan kasuwa.

 

Zamanin Faransa ya rage ƙarfin fada. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta iso Maraɗi da wa'azin da ya tara yawancin waɗannan ayyuka ƙarƙashin sunan shirka. Finafinan Kano kuma suka mai da boka mutum mai jan ƙyalle da dariyar mugunta, daga nan yara da yawa suka san kalmar boka.