Zafi da Zaƙi: Nazari kan Kundayen Kiɗan Thrash na Ƙasar Suwidin

Gabatarwa

Thrash reshe ne na kiɗan metal da ya kafu a Amurka da Jamus cikin shekarun 1980. An san shi da gudu, da kaushin jitar lantarki, da dukan ganga ba sassauci, da muryar mawaƙi wadda ta fi kama da tsawa fiye da rerawa. Kundin Reign in Blood na ƙungiyar Slayer, wanda ya fito a 1986 kuma bai cika minti 30 ba, shi ne ma'aunin da ake gwada zafin wannan kiɗa da shi har gobe. Manufar wannan maƙala ita ce nuna abin da makaɗan Suwidin suka ƙara a kan wancan gado daga 1995 zuwa farkon shekarun 2000. Hujjata ita ce sun yi nasarar haɗa zafi da zaƙi ne saboda sun dasa karin sauti a cikin bugun jita kanta, suka bar murya da ganga a kan kaushinsu. Duk inda suka kauce wa wannan tsari, ma'aunin ya karkata.

Inda abin ya samo tushe

Suwidin ta yi ƙungiyoyin thrash tun ƙarshen shekarun 1980, irin su Agony da Hexenhaus, waɗanda kowannensu ya fitar da kundinsa na farko a 1988. Sun ƙware, amma sawun Amurkawa suke bi, don haka sunansu bai yi nisa ba. Daga nan birane biyu suka ɗauki hanyoyi biyu. A Stockholm, Entombed ta fitar da Left Hand Path a 1990 daga ɗakin ɗaukar sauti na Sunlight, da amon jita mai kauri da gurnani wanda na'urar Boss HM-2 ke bayarwa. A Gothenburg kuwa, matasa sun ɗauki gudun Slayer da Kreator suka aura masa salon Iron Maiden na Ingila, inda jita biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Akwai kuma dalili na zamantakewa da bai kamata a manta ba: makarantun kiɗa na ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin ilimin jama'a masu ba matasa ɗakunan gwaji a farashi mai sauƙi, sun sa yaro ya samu inda zai koyi hannu da inda zai yi ta bugu har ya goge.

Slaughter of the Soul

A 1995 ƙungiyar At the Gates ta Gothenburg ta shiga Studio Fredman na Fredrik Nordström ta ɗauki Slaughter of the Soul, kamfanin Earache ya fitar da shi. Masu rarraba kiɗa kan sa shi a rukunin death metal mai kari, amma ƙashin bayansa na thrash ne: waƙoƙi gajeru, yawancinsu a kewayen minti 3, kundin gaba ɗaya kimanin minti 34.

Sirrin yana hannun makaɗan jita Anders Björler da Martin Larsson. Sun sassauta tsirkiyoyin jita har amonta ya sauka ƙasa sosai. Mai bugu yana danne tsirkiya mafi kauri da gefen tafin hannunsa, yana kaɗa ta da sauri ta ba da sauti gajere mai dunƙule, sannan tsakanin bugu da bugu yatsunsa su tsallaka zuwa tsirkiyoyin sama su ɗauko sauti ɗaya ko biyu su dawo. Waɗannan 'yan sautuka da ake tsinta a guje su ne ke haɗuwa a kunne su zama kari mai sosa rai, alhali gudun bai ragu ko kaɗan ba. Kusan abin da mai kalangu ke yi ne, da yake dukan fata da matse tsarkiya a lokaci guda, sai bugu da kari su fito daga ganga ɗaya. A waƙar da kundin ya ɗauki sunanta, jita kan fara wannan tafiya, mawaƙi Tomas Lindberg ya yi ihun kalma ɗaya tak, sai gangar Adrian Erlandsson ta afka da dukkan ƙarfinta. Lindberg bai rera ko baiti ɗaya da tattausar murya ba. Abin da mai sauraro ke maimaitawa a ransa bayan kundin ya ƙare, karin jita ne.

Sun kuma san amfanin numfashi. "Into the Dead Sky" kiɗa ne zalla mai sanyi, ba murya, an ajiye shi a tsakiyar kundin. Da ya ƙare, zafin da ya biyo baya sai ya ninka a kunne.

The Haunted

At the Gates ta watse a 1996. A shekarar, tagwaye Anders da Jonas Björler da Erlandsson suka haɗu da Patrik Jensen suka kafa The Haunted, ƙungiyar da babu mai jayayya cewa thrash take yi. Kundinta na farko, na 1998, da muryar Peter Dolving, ya fi karkata ga zafi. Jensen kan kawo bugu mai sara irin na Slayer, Anders Björler kuma ya ratsa shi da kari. A The Haunted Made Me Do It na 2000, wanda Marco Aro ya rera kuma ya ci kyautar Grammis ta ƙasar, ma'aunin ya daidaita sarai. "Dark Intentions", gajeren kiɗa ne marar murya da ke share fage, ya zarce kai tsaye cikin "Bury Your Dead" ba tare da an tsaya ba. "Hollow Ground" kuma ta buɗe wa zaƙi ƙofa fiye da sauran, amma tana kewaye da waƙoƙi masu gudu da ke riƙe ta. Ba Gothenburg kaɗai ba: Darkane ta Helsingborg da Rusted Angel a 1999, da The Crown ta Trollhättan da Deathrace King a 2000, duk sun bi wannan turba, kowa da nasa hannu.

Sukar da ake yi

Masu ra'ayin riƙau na cewa gogewar sautin Studio Fredman da yawan kari sun mayar da kiɗan tawaye hajar kasuwa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. A farkon shekarun 2000 ƙungiyoyin Amurka da dama sun ɗauki wannan salo, har Darkest Hour ta je Gothenburg ta ɗauki kundinta na 2003 wurin Nordström. Da yawa daga masu koyi sun raba waƙa gida biyu, baiti na ihu, amshi na tattausar murya, har mai sauraro ya riƙa sanin inda za a juya tun ba a kai ba. To amma laifin mai koyi ba ya hawa kan wanda ya ƙirƙira. Hasali ma, wannan rabo shi ne ainihin abin da kundayen farko suka guje wa.

Tarihin The Haunted kanta ya ƙara tabbatar da haka. A Unseen na 2011 gudu ya ragu, kari ya koma bakin mawaƙi, magoya baya suka rabu biyu a kansa. A 2014, bayan Aro da Erlandsson, waɗanda suka bar ƙungiyar a baya, sun dawo, Exit Wounds ya koma kan gudu da kaushi.

Kammalawa

Daidaita zafi da zaƙi a wannan kiɗa ya dogara ne ga wurin da aka ajiye kowanne, fiye da yawan abin da aka zuba. Idan kari yana cikin jita, yana tafiya da gudun kiɗan kuma yana ƙara masa kaifi. Idan aka ware masa amshi na daban, sai ya zama hutu da ke kashe wutar. Wannan ne ya sa Slaughter of the Soul da The Haunted Made Me Do It suka cancanci a lissafa su cikin manyan ayyukan wannan fanni. Duk manazarcin da ke son gwada wannan hujja, ya saurari kundayen nan biyu daga farko zuwa ƙarshe, ya sa kunne ga jita kafin murya.