Asalin Lasisin Manhajar Sabar da Abin da Tamale Ta Ci Gajiyarsa

Tun daga 2012 ma'aikatan lafiya a Tamale da sauran gundumomin Ghana suke shigar da alƙaluman haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro cikin DHIMS2. Bayanan na tafiya ne zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke adana su tana raba wa masu buƙata ta intanet. An gina DHIMS2 a kan manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ke jagorantar aikinta, kuma lasisinta na BSD bai tambayi kowa ko riba yake nema ba. Haka Wikipedia ta Dagbanci, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2021 da ƙwazon matasan Tamale, tana gudana a kan MediaWiki mai lasisin GPL. A ganina, lasisin da bai raba mai kasuwa da mai aikin sa-kai ba shi ne ya buɗe wa garuruwa irin Tamale ƙofa, kuma masu son mayar da wannan rabon suna ja da baya ne.

Da fari manhaja ba haja ba ce, tare da na'ura ake ba da ita. A 1969 IBM ya fara sa mata farashi daban, a 1976 kuma Bill Gates ya rubuta wasiƙa yana zargin masu kwafar manhajarsa da sata. Martani ya zo daga Richard Stallman, wanda ya ƙaddamar da aikin GNU a 1983, ya fitar da GPL a 1989. Sharaɗinsa ɗaya ne babba: ka yi amfani, ka gyara, ka sayar ma in ka so, amma in ka raba wa wasu, to ka ba su tushen rubutun da irin 'yancin da ka samu. Abin lura, Linus Torvalds ya fara sakin Linux a 1991 da sharaɗin hana karɓar kuɗi, sai ya janye shi a 1992 ya koma GPL. Bayan nan ne kamfanoni suka zuba jari da ma'aikata a kanta, har ta zama ginshiƙin sabar a duniya. Ƙa'idojin buɗaɗɗiyar manhaja da aka amince da su a 1998 sun fito fili suka ce lasisin da ya hana kasuwanci ba buɗaɗɗe ba ne. Kamfanin MySQL kuwa ya samo hanyar cin abinci ba tare da karya ƙa'idar ba: GPL ga kowa, lasisin kuɗi ga wanda ke son saka manhajar cikin hajarsa ya rufe tushenta. Hanyar ta yi albarka, domin kamfanin Sun ya saye shi a 2008 kan kusan dala biliyan ɗaya.

Sai aka gano giɓi. Wajibcin GPL yana hawa kan mai raba manhaja ne, wanda ya ɗora ta a sabar yana haya kuwa bai raba komai ba. Manyan kamfanoni irin Amazon suka riƙa samun kuɗi da aikin wasu. Sai kamfanonin manhaja suka mayar da martani: MongoDB ya sauya lasisi a 2018, Elastic a 2021, HashiCorp a 2023, Redis a 2024, duk don taka wa masu hayar burki.

Masu kare wannan mataki suna cewa mai noma shi ya kamata ya fara cin amfanin gona, kuma asibiti ko makarantar da ke amfani da manhajar don aikinta na cikin gida ba abin da ya taɓa ta. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai ba a asibiti matsalar take ba. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 tana yaye matasa masu ilimin kwamfuta, kuma sana'ar da ta fi kusa da hannunsu ita ce kula da sabar ga makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, a biya su. Wannan kasuwanci ne, kuma a nan sababbin sharuɗɗan suke da duhu. Amazon yana da lauyoyin da za su fassara masa su, yaron da ya buɗe ofis a unguwar Aboabo ta Tamale ba shi da su. Ga shi kuma tun 2007 akwai lasisin AGPL, wanda ya wajabta wa mai gyara manhaja a sabar ya buɗe gyaransa ba tare da hana kowa sana'a ba. Da Redis ya sauya, wasu masu haɓaka manhajar suka ɓalle suka kafa tasu mai suna Valkey. Elastic ya ƙara AGPL cikin lasisinsa a 2024, Redis ya bi sahu a 2025.

Don haka duk hukuma ko makaranta ko ƙaramin kamfani a Tamale da zai ɗora bayanan jama'a a kan wata manhaja, ya karanta lasisinta kafin ya duba farashinta, ya kuma bincika ko kamfani guda ne ke riƙe da ikon sauya shi gobe.