Tsofaffin lakwal na Rosenwald

Jama'a, tsakanin 1912 da 1932 an gina wa 'ya'yan baƙar fata lakwal kusan 5000 a kudancin Amurka. Attajiri Julius Rosenwald ya ba da kasonsa, iyaye suka yi karo-karo, wani kuɗi, wani katako, wani ƙarfinsa. Mu da muka yi karatu cikin rumfar kara mun san irin wannan. Babu lantarki, shi ya sa tagogin manya-manya. Kuma ana neman fili eka 2, har da wurin lambu.

Bayan kotu ta haramta wariya a 1954, aka yi ta rufe su, da yawa suka ruɓe. Yau jikoki na gyaran 'yan da suka rage. Mu dai fatanmu kada gyaran ya tsaya ga fenti da kwano. A tada lambun nan, yaran unguwa su zo su koyi sunan icce da tsuntsu.