Daga Allon Ƙofa Zuwa Littafin Jagora: Yadda Matafiyi Ke Gane Mashaya Mai Kyau a Ingila

Yau shirin namu zai leƙa Ingila ne. Da yawanmu ba ma shan giya, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Abin da ya ja hankalinmu tambaya ce da kowane matafiyi ya sani: ka sauka a garin da ba ka san kowa ba, wa za ka yarda da shi ya nuna maka inda za ka ci abinci mai kyau?

A Ingila, mashaya ita ce amsar wannan tambaya shekaru aru-aru, domin nan ake ci, nan ake sha, wani lokaci nan ake kwana. A shekarar 1393, Sarki Richard na II ya tilasta wa masu sayar da giya su rataye alama a ƙofa, don masu duba ingancin giya su gane wurin. Mutane da yawa ba su iya karatu ba, sai aka riƙa zana hoto: jan zaki, farar barewa, kambin sarauta. Alamar kuwa wuri kawai take nuna maka, ba ta gaya maka ko abin cikin na kirki ne.

To, zuwa wajen 1970 sai ga wata sabuwar matsala. Manyan kamfanoni shida, irin su Whitbread da Watney Mann da Courage, sun mamaye kasuwa, sun mallaki dubban mashayu, kowacce kayan kamfaninta kawai take sayarwa. Giyar tasu an tace ta, an dafa ta don kada ta lalace, an ɗura mata iskar gas. Ka bar Landan ka je Manchesta, ɗanɗano ɗaya. Ƙananan masu haɗa giya na gargajiya sai rufewa suke yi.

A 1971 wasu matasa huɗu 'yan Ingila da suka je hutu ƙasar Ayalan suka ce sun gaji, suka kafa ƙungiyar da ake kira CAMRA. Makaminsu mafi ƙarfi littafi ne, Good Beer Guide, wanda ake bugawa duk shekara tun 1974. Ku lura da yadda ake haɗa shi fa: mambobin ƙungiyar na kowane yanki su ne ke zuwa mashayun unguwarsu su gwada, su zaɓa. Mai mashaya ba ya biyan ko sisi don a sa sunansa. Shi ya sa matafiyi ya yarda da littafin.

Matsin lamba ya yi aiki. A 1989 hukumar da ke sa ido kan babakeren kasuwanci ta gano kamfanonin shida na samar da kusan kashi 75 cikin 100 na giyar ƙasar. Gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa doka: duk kamfanin da ke da mashayu sama da 2,000 dole ya saki rabin abin da ya haura. Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin da yawa cikin mashayun da aka sayar sun faɗa hannun wasu manyan kamfanonin da ba sa haɗa giya amma suna riƙe da masu haya da sharuɗɗa masu tsauri.

Duk da haka ƙofa ta buɗe. A 1991 David Eyre da Mike Belben suka karɓi wata mashaya mai suna The Eagle a titin Farringdon na Landan, suka sa girki a gaba, ana dafawa a idon baƙi. Wasu suka bi sahu, har a 2011 mashayar Tom Kerridge da ke garin Marlow ta zama ta farko da ta samu taurari biyu na Michelin.

Yanzu matafiyi waya yake ɗauka ya duba taurari a Google ko TripAdvisor. Kafin ka bi yabon da ka gani, tambayi kanka: wanda ya rubuta ya je wurin kuwa? Kuma wa ya biya shi? Abin da matasan nan huɗu suka gane ke nan tun 1971.