Yadda kanel ɗin Linux ke tafiyar da dangogin ƙa'idojin sadarwa

Duk lokacin da wata manhaja a waya ko kwamfuta za ta aika saƙo, sai ta fara neman izini daga kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke gudanar da na'urar. Kanel ne ke riƙe da ma'ajiyar bayanai, da katin sadarwa, da ikon raba aiki tsakanin manhajoji. A na'urorin da ke amfani da Linux, waɗanda suka haɗa da wayoyin Android da akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, kanel yana buɗe wa manhaja wata kafa da ake kira soket, ta nan take aikawa da karɓar bayanai.

Ba kowace soket ce ke magana da harshe ɗaya ba. An kasa ƙa'idojin sadarwa zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da irin adireshinsa da tsarinsa, su ake kira dangogin ƙa'idojin sadarwa. Yadda kanel ke yi wa waɗannan dangogi rajista, ya loda su, ya kuma sauke su, al'amari ne da ya shafi saurin aiki da kuma tsaron na'ura.

Asalin tsarin

Tsarin soket ya samo asali ne daga Jami'ar California da ke Berkeley a Amurka, inda ya fito a cikin babbar manhajar 4.2BSD a shekarar 1983. A wancan zamani ƙa'idar intanet ta TCP/IP ba ta gama mamaye duniya ba, kamfanoni da dama suna da nasu tsarin. Saboda haka masu ƙirƙirar soket suka tsara ta yadda mai rubuta manhaja zai faɗi dangin da yake so, da nau'in soket ɗin, da takamaimiyar ƙa'idar, kanel kuma ya nemo masa wanda zai yi aikin. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, ya gaji wannan tsari, haka ma Windows da macOS.

Kowane dangi yana da lamba. A Linux, lamba 1 ta AF_UNIX ce, wadda manhajojin da ke cikin na'ura ɗaya ke magana da juna ta cikinta. Lamba 2 ta AF_INET ce, wato intanet mai adireshin IPv4, lamba 10 kuma ta IPv6. Lamba 16 ta Netlink ce, hanyar da manhajoji ke tattaunawa da shi kansa kanel, 17 ta AF_PACKET ce mai ba da damar ganin bayanai kai tsaye daga katin sadarwa, 29 ta CAN ce da na'urorin cikin mota ke amfani da ita, 31 kuma ta Bluetooth. Lambobin sun bambanta daga wata babbar manhaja zuwa wata: IPv6 tana da 28 a FreeBSD, 30 a macOS, 23 a Windows, amma IPv4 tana riƙe da 2 a dukansu.

Rajista da neman dangi

A cikin kanel ɗin Linux akwai wani jadawali mai suna net_families, mai gurabe sama da 40, kowane gurbi na lamba ɗaya. Dangin da ke son shiga aiki yakan kira umarnin sock_register, ya miƙa abubuwa uku: lambarsa, da aikin da za a kira idan ana son sabuwar soket irin tasa, da kuma sunan ɓangaren manhajar da ya mallake shi. Idan lambar ta wuce iyakar jadawalin, ko kuma wani ya riga ya kama gurbin, kanel yakan ƙi karɓar rajistar. Idan ta yi daidai, sai ya rubuta a kundin bayanansa cewa dangin ya shiga.

Sa'ad da manhaja ta nemi soket, kanel yakan fara tabbatar da cewa lambar tana cikin iyaka, ya tuntuɓi tsarin tsaro irin su SELinux idan yana aiki, sannan ya duba gurbin. In ya tarar da dangin a wurin, sai ya kira aikinsa na ƙirƙirar soket. In babu, manhajar takan samu amsar kuskure mai suna EAFNOSUPPORT, ma'ana na'urar ba ta san wannan dangi ba.

Wasu dangogin suna da rajista ta biyu a cikinsu. AF_INET, alal misali, yana da nasa jerin da ke haɗa nau'in soket da ƙa'ida: soket mai ɗorewar haɗi takan tafi ga TCP mai lamba 6, mai aika saƙo ɗaya-ɗaya kuma ga UDP mai lamba 17. Ƙa'idoji kamar SCTP sukan shiga wannan jeri na ciki, ba sa buƙatar sabon gurbi a babban jadawali.

Lodawa da saukewa

Ba dukan dangogi ake ginawa a jikin kanel ba. Da yawa ana ajiye su ne a matsayin modul, wato guntun manhaja da ake lodawa idan buƙata ta taso. Idan aka nemi dangin da gurbinsa yake fayau, kanel yakan nemi modul mai laƙabin net-pf- haɗe da lambar dangin, misali net-pf-31 domin Bluetooth. Manhajar modprobe ce ke nemo shi ta loda shi, modul ɗin ya yi rajista, aiki ya ci gaba ba tare da mai na'urar ya san abin da ya faru ba.

Saukewa ta fi wuya. Na'urorin yau suna da masarrafai da yawa da ke aiki a lokaci guda, don haka yana yiwuwa wata masarrafa tana karanta gurbin wani dangi a daidai lokacin da wata ke ƙoƙarin cire shi. Idan aka goge dangin alhali ana cikin amfani da shi, kanel zai faɗa wani wuri na ma'ajiya da babu komai mai ma'ana a cikinsa, na'urar ta tsaya cak. Ana kauce wa wannan ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce dabarar RCU: masu karanta jadawalin ba sa jiran kowa, amma mai cire dangi, bayan ya share gurbin da umarnin sock_unregister, dole ya dakata har duk masu karatun da suka riga suka fara su kammala. Ta biyu ita ce ƙidaya: kowace soket da aka buɗe tana ƙara ɗaya a kan adadin masu amfani da modul ɗin, kuma ba a sauke shi sai adadin ya koma sifiri.

Inda haɗarin yake

Sauƙin lodawa yana da nasa tsada. Neman soket ba ya buƙatar ikon mai kula da na'ura, saboda haka kowace manhaja, komai ƙanƙantar ikonta, tana iya sa kanel ya loda dangin da ba wanda ya taɓa amfani da shi a wannan na'ura. Irin waɗannan dangogi ba su cika samun masu bincikar kurakuransu ba, kuma da zarar an loda su suna aiki ne da cikakken ikon kanel.

A watan Oktoban 2010, mai binciken tsaro Dan Rosenberg ya bayyana wata ɓaraka a dangin RDS mai lamba 21, wanda kamfanin Oracle ya samar. Ɓarakar tana bai wa mai ƙaramin asusu damar karɓe ikon na'ura gaba ɗaya, kuma ta shafi har kwamfutocin da ba su da wata hulɗa da RDS, domin neman soket kaɗai ya isa ya jawo modul ɗin. A shekarar dai aka gano wasu ɓarakoki a Econet, tsohuwar ƙa'idar kamfanin Acorn na Birtaniya. A 2021 kuma aka samu wata mai tsanani a TIPC mai lamba 30, ƙa'idar da ta fito daga kamfanin Ericsson.

Wannan ne ya sa masu kula da kanel suke cire dangogin da suka tsufa kuma suka rasa mai kula da su. An cire Econet a Linux 3.5 a 2012, an cire IPX ta kamfanin Novell a 2018, DECnet kuma ta bi sahu a Linux 6.1 a 2022. Sai dai ba a bai wa wani sabon dangi lambobinsu ba. Lamba 12 har yanzu tana ɗauke da sunan DECnet, saboda kada tsohuwar manhaja ta nemi wani abu a ba ta wani dabam. Sababbin dangogi kan samu sababbin lambobi a ƙarshen jeri, kamar AF_XDP mai lamba 44 da ta shigo a 2018 domin saurin sarrafa bayanai, da MCTP mai lamba 45 da ta shigo a 2021.

Abin da ke hannun mai kula da na'ura

Mai kula da kwamfutocin ofis, banki ko kamfanin sadarwa yana da hanyoyin taƙaita wannan haɗari. Fayil ɗin /proc/net/protocols yana nuna ƙa'idojin da ke aiki a halin yanzu, umarnin lsmod kuma yana nuna modul-modul da aka loda. A cikin jakar /etc/modprobe.d ana iya rubuta layin da zai hana loda wani modul, kuma ƙa'idojin tsaro na cibiyar CIS suna ba da shawarar yin hakan ga RDS, TIPC, SCTP da DCCP matuƙar ba a buƙatar su. Manhajar systemd tana da zaɓin RestrictAddressFamilies da ke taƙaita wa kowace hidima dangogin da za ta iya nema, misali a bar wa uwar garken shafin intanet AF_INET, AF_INET6 da AF_UNIX kawai. Mai son tsauri fiye da haka yana iya kunna kernel.modules_disabled bayan na'urar ta gama tashi, wanda ke hana loda kowane sabon modul har sai an sake kunna ta.